Aikin kula da kwangilolin gini: amsa ga injiniyan da ake son sauya wa layi

Tambayar da aka aiko ta ce: "Ni injiniya ne, na yi 'yan shekaru ina duba aikin gini a fili, yanzu kuma kamfaninmu yana son mayar da ni sashen kula da kwangiloli. Mene ne ainihin aikin, me ya kamata in koya, kuma sana'a ce da mutum zai iya dogara da ita har ƙarshen aikinsa, ko kuwa zaman ofis ne da jujjuya takardu?"

Ɗan'uwa, shawarata ita ce ka karɓa, amma bisa sharaɗi ɗaya, wato kada ka bari teburin ofis ya raba ka da fili. Mai kula da kwangila wanda ya san yadda ake zuba kankare, ya san kwanakin da take ɗauka kafin a cire katako, ya kuma san abin da ruwan sama na mako guda yake yi wa aikin cikon ƙasa, ya fi wanda ya haddace sassan yarjejeniya bai taɓa tsayawa cikin rana ba daraja nesa ba kusa ba. Shekarun da ka yi a fili su ne jarinka, kuma abin da ya rage maka shi ne ka koyi yadda ake mayar da abin da ya faru a fili ya zama haƙƙi a rubuce wanda za a biya, ko wa'adi da za a ƙara.

Aikin yana farawa tun kafin a sa hannu, lokacin da ake shirya takardun neman kwangila, yana kuma ƙarewa ne bayan an miƙa gini, an gyara kurakuran da suka bayyana, an rufe lissafin ƙarshe, an saki kuɗin da aka riƙe. A tsakanin waɗannan iyakoki biyu, mai kula da kwangila shi ne yake sanin abin da kamfaninsa ya yi alkawari, da abin da aka yi masa alkawari, da ranar da kowane ɗaya ya kamata ya cika. Ana samun irinsa a ɓangaren ɗan kwangila, ana samunsa a ɓangaren mai aikin, ana kuma samunsa a ofishin injiniya mai sa ido, kuma duk inda ya zauna kayan aikinsa iri ɗaya ne. Dalilin da ya sa kamfanoni suke nemansa shi ne ribar aikin gini ba ta da kauri idan aka gwada da girman kuɗin da ke shiga da fita, saboda haka canji guda da aka yi ba a nemi kuɗinsa ba, ko tarar jinkiri ta 'yan makonni, tana iya cinye ribar aikin shekara biyu.

Abu na farko da za ka fahimta shi ne kwangilar gini tarin takardu ce: takardar yarjejeniya, wasiƙar amincewa, sharuɗɗa na gama-gari, sharuɗɗa na musamman, bayanin ingancin kaya da aiki, zane-zane, da jadawalin adadin ayyuka da farashinsu. Mutane daban-daban ne suke shirya su, a lokuta daban-daban, don haka da wuya ka ga ba su ci karo da juna ba a wani wuri. Zane ya ce kaurin rodi kaza, jadawalin farashi ya ce kaza, bayanin inganci kuma ya yi shiru. Shi ya sa kwangiloli suke ɗauke da sashen da ke jera wace takarda ce ke gaba da wace idan sun saɓa, kuma wannan sashe yana cikin waɗanda za ka fara nema. Amma inda hatsari ya fi ɓuya shi ne sharuɗɗa na musamman, domin a can ne mai aikin yake sauya abin da aka saba, ya ɗora wa ɗan kwangila nauyin da a bisa al'ada ba nasa ba ne, kamar hatsarin yanayin ƙasar da za a haƙa, ko tashin farashin kaya, ko ya cire iyakar da ake sa wa tarar jinkiri. Wanda ya karanta waɗannan shafuka kafin a sa farashi ya yi wa kamfaninsa aikin da ba a iya yi bayan an sa hannu.

Ba kowace kwangila ake rubutawa daga farko ba. Akwai tsararrun sharuɗɗa da aka daɗe ana aiki da su, kuma ya wajaba ka san aƙalla ɗaya ciki da bai. Wanda ya fi yaɗuwa a manyan ayyukan ƙasa da ƙasa shi ne na FIDIC, ƙungiyar injiniyoyi masu ba da shawara ta duniya, wadda aka kafa a 1913, hedikwatarta kuma tana Janiba. An fi sanin littattafanta da launin bangonsu. Jan littafi, wanda ya fara fitowa a 1957, na aikin da mai aikin ne ya kawo zane, ana kuma biya bisa awon abin da aka yi. Mai ruwan ɗorawa na aikin da ɗan kwangila ne zai zana kuma ya gina. Mai ruwan azurfa na aikin da ake son a miƙa komai a kammale bisa dunƙulallen farashi, inda kusan duk hatsari yake kan ɗan kwangila. Bugun 1999 ya daɗe yana tashe, har yanzu ma ana sa hannu a kansa, sai kuma na 2017 wanda ya fi shi tsawo da yawan ƙa'idoji. Bankin Duniya da sauran bankunan raya ƙasashe suna amfani da sharuɗɗan FIDIC a ayyukan da suke ba da kuɗinsu, wannan kaɗai ya isa dalilin koyonsu. A Birtaniya akwai sharuɗɗan JCT, ƙungiyar da aka kafa a 1931, da kuma tsarin kwangila na NEC, wadda ta fito a 1993 daga ƙungiyar injiniyoyin gine-gine ta ƙasar, aka sabunta ta a 1995 da 2005 da 2017. Ina ganin ko da ba za ka yi aiki da NEC ba, ya dace ka karanta ta, saboda ta ginu a kan cewa duk wanda ya hango matsala ya sanar da ɗan'uwansa da wuri, a zauna a daidaita kuɗinta da lokacinta tun tana ɗanya.

A nan zan ɗan daɗe, domin a nan ne yawancin kuɗi suke salwanta, wato batun sanarwa a kan lokaci. A sashe na 20.1 na FIDIC 1999, idan wani abu ya faru wanda ɗan kwangila yake ganin ya cancanci ƙarin lokaci ko ƙarin kuɗi a dalilinsa, dole ne ya sanar da injiniya mai sa ido a rubuce cikin kwana 28 daga ranar da ya san da abin, ko ranar da ya kamata a ce ya sani. Idan ya wuce wannan wa'adi, sashen ya faɗa ƙarara cewa ba za a ƙara masa lokaci ba, ba za a ƙara masa kuɗi ba, mai aikin kuma ya fita daga alhaki. Bayan sanarwar yana da kwana 42 daga ranar da ya san da lamarin ya kawo cikakken bayani da hujjoji. Bugun 2017 ya bar kwana 28 ɗin, ya mayar da na cikakken bayani kwana 84, ya kuma sa mai aikin ma ya bi wannan ƙa'ida idan shi ne yake da ƙorafi. A NEC wa'adin mako takwas ne.

Ka ɗauka ana haƙa harsashin gada, sai aka ci karo da dutse a zurfin da rahoton binciken ƙasa bai nuna ba. Injiniyan fili, kamar yadda kai ma ka sani, hankalinsa yana kan yadda za a fasa dutsen a ci gaba. Sai ya ɗauko injin fasa dutse, ya ƙara leburori, ya yi wata biyu yana fama, kowa a wurin ya ga wahalar da aka sha, wakilin mai aikin ma kullum yana tsaye yana kallo. Bayan an gama sai a tuna da neman kuɗi, sai a tarar kwana 28 sun daɗe da wucewa, babu wasiƙa ko ɗaya. A ƙarƙashin jan littafi, sashe na 4.12 ya ba ɗan kwangila damar neman lokaci da kuɗi a kan yanayin ƙasa da ƙwararren ɗan kwangila ba zai iya hangowa ba, amma wannan dama takan mutu idan ba a sanar ba, ko kuma ta koma doguwar jayayya a kan ko kasancewar wakilin mai aikin a wurin ta wadatar. Da akwai mai kula da kwangila mai lura, da a makon farko ya rubuta layi biyar yana ambaton sashen, ya sa an ɗauki hotuna masu kwanan wata, an auna zurfin dutsen tare da wakilin injiniya an sa hannu, an kuma buɗe rajista ta daban ta injina da ma'aikatan da wannan matsala ta ci. Kuma da kwangilar mai ruwan azurfa ce, da tun ranar farko ya gaya wa shugabanninsa cewa wannan hasarar tasu ce, su daina sa rai.

Mutane da yawa suna jin nauyin rubuta irin wannan sanarwa, suna ganin kamar za ta ɓata zumunci da mai aikin. Ban yarda da wannan ba. Sanarwa da wuri tana ba mai aikin damar ya yi wani abu, ya sauya zane, ya matsar da ginshiƙi, ko ya nemo ƙarin kuɗi tun da sauran lokaci. Abin da ke ɓata zumunci shi ne a yi shiru har ƙarshen aiki sannan a ajiye masa ƙaton lissafi wanda bai taɓa jin labarinsa ba. Gwanintar tana cikin salon rubutun: a faɗi abin da ya faru, da ranar da ya faru, da sashen da aka dogara da shi, ba tare da zargi ko zafin harshe ba, kuma idan da hali a kira mutumin a gaya masa da baki kafin takardar ta isa teburinsa.

Daga sanarwa sai ajiye shaida. Rahoton kullum na fili, rajistar ruwan sama, jerin injinan da suka yi aiki da waɗanda suka tsaya, ranar da aka nemi zane da ranar da ya iso, bayanan tarurruka, duk waɗannan su ne ake dubawa idan magana ta kai gaban mai yanke hukunci bayan shekara uku, lokacin da rabin mutanen da suka yi aikin sun bar kamfanin. Bayanin da aka rubuta a ranar da abu ya faru ya fi ƙarfi a kan wanda aka tsara daga baya, komai kyawun tsarinsa. Wani ɓangare babba na aikinka shi ne ka shawo kan mutanen fili su riƙa cika waɗannan takardu da gaske, kuma a nan ne zamanka ɗaya daga cikinsu zai yi maka rana, domin ka san lokacin da suke da sarari, ka kuma san irin fom ɗin da ba za su taɓa cikawa ba.

Canje-canjen aiki ma haka suke. Babu ginin da ake gamawa daidai da zanen farko. Matsalar ita ce yawancin canji da baki ake ba da shi, ana tafe ana duba aiki, wani babba ya ce a ƙara faɗin nan, a sauya tayil ɗin can. Jan littafin 1999 ya tanadi mafita: idan injiniya ya ba da umarni da baki, ɗan kwangila ya tabbatar da shi a rubuce cikin ranakun aiki biyu, injiniya kuma bai musa ba cikin wasu ranakun aiki biyu, to takardar ta zama umarni. Sai dai ka lura da wanda ya ba da umarnin, domin ba duk mai faɗa a ji ne a fili yake da ikon sauya kwangila ba, kuma aikin da aka yi bisa maganar wanda ba shi da iko yana da wuyar biya.

Lissafin jinkiri shi ne ɓangaren da ya fi buƙatar zurfin ilimi. Ba kowane jinkiri ne yake ba da ƙarin wa'adi ba, sai wanda ya taɓa jerin ayyukan da ranar kammalawa ta rataya a kansu. Idan zanen shingen waje ya makara wata guda alhali ginin kansa ne ke riƙe da ranar miƙawa, babu ƙarin lokaci. Abin yakan ƙara rikicewa idan ɓangarorin biyu sun jawo jinkiri a lokaci guda, mai aikin bai ba da fili ba, ɗan kwangila kuma dama bai kawo injinansa ba. Dokokin ƙasashe sun sha bamban a kan wannan, kuma takardar jagora da ƙungiyar masana dokar gine-gine ta Birtaniya ta fitar a 2002, ta sabunta a 2017, tana cikin abin da masana suke komawa gare shi. Don haka ka koyi karanta jadawalin aiki a manhajoji irin su Primavera da Microsoft Project, ko da ba kai ne za ka riƙa tsara shi ba.

Sai kuɗi. Kamfanin gini yana iya durƙushewa alhali littafinsa yana nuna riba, idan kuɗin ba sa shigowa a lokacin da ake biyan ma'aikata da masu kawo kaya. Za ka riƙa bin kuɗin kafin alƙalami da yadda ake cire shi kaɗan-kaɗan, da takardar neman biya ta wata-wata, da kason da ake riƙewa wanda galibi yakan kama daga kashi 5 zuwa 10 cikin ɗari, da garantin banki da ranar ƙarewarsa, da inshora. A FIDIC 1999 injiniya yana da kwana 28 ya fitar da takardar shaidar biya, mai aikin kuma ya biya cikin kwana 56 daga ranar da injiniya ya karɓi buƙatar, in ya makara akwai kuɗin jinkiri da ɗan kwangila ya cancanta. Haka kuma za ka tabbatar sharuɗɗan da ka ba ƙananan 'yan kwangila sun dace da waɗanda aka ba ka, don kada ka ɗauki nauyi a sama wanda ba ka da wanda za ka miƙa wa a ƙasa. Amma ina roƙonka kada ka zama mai danne kuɗin ƙanana don gyara lissafin kamfani. Lokacin da Carillion, kamfanin gini na biyu a girma a Birtaniya, ya rushe a Janairun 2018, an san shi da sa masu yi masa aiki su jira har kwana 120 kafin biya, kuma dubban ƙananan kamfanoni ne suka tashi da bashin da ba su samu ba.

Idan saɓani ya ƙi warwaruwa akwai matakai. FIDIC ta tanadi kwamitin ƙwararru, mutum ɗaya ko uku, wanda yake yanke hukunci cikin kwana 84, kuma a bugun 2017 an ƙara masa aikin taimaka wa ɓangarorin su kauce wa rigimar tun kafin ta girma. Wanda bai gamsu ba yana iya zuwa gaban masu sasanci, wato masu yanke hukunci a wajen kotu, galibi bisa ƙa'idojin ƙungiyar 'yan kasuwa ta duniya da ke Faris. Birtaniya kuma tun dokar 1996 ta ba kowane ɓangare a kwangilar gini damar kai ƙara gaban mai yanke hukunci na gaggawa wanda zai ba da amsa cikin kwana 28. Ya kamata ka san waɗannan hanyoyi, amma sasanci yana cin shekaru da kuɗi masu yawa, kuma mai kula da kwangilar da nake girmamawa shi ne wanda ayyukansa suke rufewa ba tare da an kai can ba.

Akwai jarrabawar amana a wannan kujera, kuma gara ka sani tun yanzu. Za a matsa maka ka kumbura lissafin ƙorafi don a samu abin ragewa wajen ciniki, ko ka sa wa wasiƙa kwanan watan baya, ko ka amince da awon aikin da ba a yi ba. Idan kana ɓangaren injiniya mai sa ido, wanda yake biyan ka albashi shi ne mai aikin, amma kwangila ta ce ka yanke hukunci da adalci tsakaninsa da ɗan kwangila. Sana'ar ƙarama ce, mutane sun san juna, kuma wanda aka san alƙalumansa gaskiya ne ana saurin amincewa da buƙatarsa, wanda kuwa aka taɓa kamawa da ƙari, ko gaskiyarsa sai an bincika sau uku.

Game da karatu, masu shigowa wannan layi sukan fito ne daga kiyasin gini, ko injiniyanci, ko lauyanci, kowa da gurbin da zai cike. Kai abin da ya rage maka shi ne tushen dokar kwangila ta ƙasar da kake aiki, da ƙa'idojin awo da sa farashi, da dokar sayen kaya da ba da kwangilar gwamnati idan da hukuma kuke hulɗa, sai kuma rubutu mai tsabta, wanda mutane suke rainawa alhali rabin aikin ke nan. Shaidar ƙungiyoyi irin su RICS ta masu kiyasi, da CIOB ta masu tafiyar da gini, da CIArb ta masu sasanci, tana buɗe ƙofofi a ƙasashe da dama, kuma digiri na biyu a dokar gine-gine yana da amfani, amma na fi son mutum ya yi shi bayan ya riƙe kwangila ta gaske, lokacin da yake da tambayoyin da zai je nema wa amsa. Hanyar ci gaba a buɗe take: daga mataimaki zuwa mai kula da kwangilar aiki guda, zuwa mai kula da harkokin kuɗi da kwangiloli na ayyuka da yawa, har zuwa darakta. Wasu sukan ware su zama masu ba da shawara a kan ƙorafe-ƙorafe, ko shaidu ƙwararru, ko mambobin kwamitin warware saɓani, aikin da mutum yake iya yi har cikin tsufansa. Ilimin kuma yana tafiya da kai zuwa ayyukan mai da iskar gas, wutar lantarki, layin dogo da ma'adinai.

Wahalarsa ita ce sau da yawa kai ne mai kawo labarin da ba a son ji. Manajan aiki yana son a yi sauri, kai kana cewa a jira umarni a rubuce. Shugaba yana son a ci kwangila ko ta halin ƙaƙa, kai kana nuna masa sashen da zai iya karya kamfanin. Ƙarshen wata akwai matsi, kuma ba za ka ƙara samun irin daɗin nan na tsayawa ka ga bene ya tashi da hannunka ba. Wanda ba ya son dogon karatu, ko ba ya iya ce wa na gaba da shi a'a cikin ladabi, zai sha wuya a nan.

Idan ka karɓa, ka fara da kwangilar aikin da ka fi sani a fili. Ka karanta ta daga bango zuwa bango, ka ajiye sharuɗɗa na musamman kusa da na gama-gari kana gwadawa layi-layi, sannan ka fitar da shafi guda mai ɗauke da kowane wa'adi da ke cikinta: na sanarwa, na biya, na ƙarewar garanti da inshora, na amsa wasiƙa. Ka ba manajan aiki da injiniyoyin fili kwafi. Daga nan ka nemi fayil ɗin wani tsohon aiki da ya ƙare da rigima, ka bi wasiƙunsa bisa kwanan wata har ka gano makon da abin ya fara lalacewa da takardar da ya kamata a rubuta a wannan makon. Ka roƙi a bar ka kana zuwa fili aƙalla sau ɗaya a mako, kana kuma halartar taron duba ci gaban aiki da na awon ƙarshen wata, ko da ba a sa sunanka cikin masu magana ba.